Rumbun Kan Cinya

Tun ina yaro a ƙauyenmu na san ba a gina rumbu da garaje. Kafin mahaifina ya kira magini, sai ya zauna ya ƙirga bakunan da ke cikin gida, ya kimanta damman da gonarsa kan bayar a shekarar albarka da kuma a shekarar fari, sannan ya dubi inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida da inda gara ke bi. Sai bayan duk wannan ake kwaɓa ƙasa. Na yi shekaru ina koyar da adabi a nan Kudu, har na kammala digiri na uku, amma ban taɓa zaton wannan darasi zai biyo ni cikin kasuwar kwamfuta ta Ikeja ba, sai a farkon 2025, lokacin da larura ta tilasta mini neman wata kwamfutar tafi-da-gidanka.

Tsohuwar kwamfutata na saye ta ne a 2014, shekarar da na fara karatun digirin, kuma ta yi mini hidimar shekara 10 ba ta kai ni gaban mai gyara ba, in ban da sau ɗaya da aka canja mata batir. A cikinta na rubuta kundina, a cikinta nake tara laccocin da nake bai wa ɗalibai, da tambayoyin jarrabawa, da hotunan sunan yarana. Amma abin da ya fi kome daraja a cikinta shi ne muryar wata tsohuwa ta unguwar Hausawa da ke Agege. Kakanninta fataken goro ne da suka zo ci-rani suka zauna, ita kuwa a nan aka haife ta, a nan ta tsufa, Hausarta gauraye da Yarabanci, ga ta da taskar tatsuniyoyi da labaran zaman baƙunci waɗanda ban taɓa jin irinsu a bakin kowa ba. Tsakanin 2016 da 2017 na zauna da ita sau 23, ina naɗar muryarta, in na dawo gida in juye a kwamfuta, in goge na'urar naɗin don ta sami wurin ɗaukar zama na gaba. Allah Ya yi mata rasuwa a 2019. A wajen ta'aziyya wani jikanta ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, don Allah in ka sami hali ka juyo mana muryar Iya, ko yaranmu sa san ta." Na ce masa kada ya damu, mako mai zuwa zan kawo. Aka shekara biyar makon nan bai zo ba.

Wata Asabar cikin Disambar 2024 na bar kwamfutar a kunne bisa teburin falo, wayar caji a miƙe zuwa bango, na shiga ɗaki ɗauko wani littafi. Autanmu, ɗan shekara 4, ya biyo ƙwallonsa a guje, ƙafarsa ta sarƙe da wayar. Ƙarar da na ji ba ta kai ta faɗuwar kwanon sha ba. Da na ɗaga ta ko tsagewa ba ta yi ba, sai dai wani ƙas-ƙas da ke fitowa daga cikinta, kamar ɓera na gwaguyar ƙyaure. Fuskarta ta daskare, ta ɗauke, ba ta sake kawowa ba. Na ɗaga hannu zan mari yaron, sai uwargida ta janye shi bayanta ta ce, "Malam, shi gudu ya yi irin na yara. Wanda ya zuba hatsin shekara goma a rumbu ɗaya bai raba ba, shi za a tambaya." Ban ce uffan ba, domin ba ni da ta cewa.

Mai gyara ya buɗe ta, ya ciro wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, ya yi mini bayani. Ashe a cikin irin wannan tsohon ma'aji akwai faifai mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi dab da shi tana karanta abin da ke kai ba tare da ta taɓa shi ba. In na'urar ta faɗi alhali faifan na juyawa, allurar kan karce shi, kuma abin da ta karce ya tafi ke nan. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ceto wasu takardu, amma jakar da muryar Iya ke ciki ta ƙi buɗuwa. Na bi tsofaffin filas ɗina da saƙonnin imel da na taɓa aika wa wani ɗalibi da ya taya ni rubuta hirarrakin, na tsinto zama 9. Sauran 14 sun bi mai su.

Mai karatu zai zaci wannan asara ta ishe ni hankali. Ko kusa. Da na fara tunanin wadda zan saya, abin da ya cika mini ido shi ne irin sirarar kwamfutocin nan masu launin azurfa da nake gani a hannun abokan aiki a wuraren taron ƙara wa juna sani, waɗanda in mutum ya zaro daga jaka kowa sai ya waiwayo. Na riƙa raya wa kaina cewa mai digiri na uku bai kamata ya zauna a babban teburi da baƙar na'ura mai kaurin bulo ba. Da na tambayi farashi kuwa sai jikina ya yi sanyi. Kwamfuta kayan waje ce, dala take bi. A watan Mayun 2023 dala ɗaya wajen naira 460 take a farashin hukuma, da aka saki naira a watan Yuni ta fara gangara, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dalar ta haura naira 1,500. Wadda raina ke so ta tasam ma albashina na watanni, ga kuɗin haya na ƙaratowa, ga kuɗin makarantar yara. Duk da haka na fara lissafin cin bashi daga asusun taimakon juna na ma'aikata. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Uwargida ce ta sake tare ni. Wani dare bayan yara sun kwanta ta ce ita ce da kwasar adashi a ƙarshen wata, kuma za ta ɗora kuɗin a kan abin da na tara, amma da sharaɗin in zauna mu ƙirga masu amfani da kwamfutar tukuna. Na ce ai tawa ce, ta aikina. Ta yi murmushi ta ce, "Taka ce a rasit." Daga nan ta shiga jero mini abin da na sani amma ban taɓa lura da shi ba. Ita kanta a tsohuwar take rubuta bashin atamfa da turaren wuta da take bai wa matan unguwa. Ɗanmu na biyu a kai yake aikin gida da ake ba su a makaranta. Ƙanena da ya zauna da mu shekara guda a kai ya rubuta duk takardun neman aikinsa. Lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe makarantu, wannan na'ura ɗaya ita ce ajin yara uku. Uwa-uba ga babbar 'yarmu da za ta zauna jarrabawar JAMB cikin 'yan watanni, jarrabawar da tun 2015 ba a yin ta sai a kwamfuta, kuma yaron da hannunsa bai saba da madannai ba yakan ɓata rabin lokacinsa wajen laluben inda zai taɓa. Turawan da suka ƙera abin sun yi shi ne don mutum ɗaya, har suka sa masa suna na kai da kai. A gidan Bahaushe kuwa duk abin da ya shigo ta ƙofar zaure ya zama na gida, ko keke ne ko rediyo. Ƙidayar bakunan nan da mahaifina kan yi ita ce uwargida ta tilasta mini.

Matambayi ba ya ɓata. Na kira wani tsohon ɗalibina da ya bar adabi ya koma sana'ar kwamfuta, na ce yau ni ne ɗalibi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba a haka, sai dai in tuna maka." Da yake ya san ni, sai ya bi da ni ta hanyar misali. Ya ce in ɗauki kwamfuta kamar mace mai aikin hatsi. Ƙwaƙwalwar na'urar ita ce mai aikin. Abin da ake kira RAM shi ne tabarmar da take baza hatsin a kai: in tabarmar ƙarama ce, kome zafin naman matar sai ta riƙa kwashewa tana sake bazawa, aiki ya yi ta jan ƙafa. Ma'aji kuwa shi ne rumbu. Don aikin gida irin namu, wato rubutu da lissafi da shiga intanet da sauraren murya da kallon bidiyo, ya ce gigabayit 8 na RAM ya isa, 4 ya yi kaɗan a yau, kuma in nemi wadda za a iya ƙara mata nan gaba, domin da yawa daga cikin sirarar da nake sha'awa an liƙe nasu da dalma, yadda ka saya haka za ka ƙare da ita.

Da muka zo kan rumbu ya ce in guji mai faifai, in nemi wanda ake kira SSD, domin babu abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ya fi jure faɗuwa. Na ce to a samo mini mafi girma. Sai ya ce mu yi lissafi. Littafi guda na rubutu zalla bai cika megabayit 1 ba. Naɗin murya na awa ɗaya, a matse yadda aka saba, wajen megabayit 60 ne. Gigabayit ɗaya kuwa megabayit 1,000 ne. Ashe duk abin da na rubuta tun da na fara aiki, haɗe da muryar Iya gaba ɗaya, ba zai cika ko kusurwa ɗaya ta ma'aji mai gigabayit 256 ba. Ya ƙara da gargaɗin cewa shi ma SSD yana mutuwa, kuma in ya mutu ceto abin da ke cikinsa ya fi wuya. Babu rumbun da gara ba ta iya shiga, in ji shi, dabarar kawai ita ce kada ya zama ɗaya.

Akwai kuma wani tarko da ban san da shi ba. Kamfanin Microsoft ya riga ya sanar cewa zai daina tallafin da ya saba bai wa manhajar Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, haka kuwa aka yi. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta hawa kan kowace na'ura ta hanyar da aka amince da ita. A ƙwaƙwalen Intel, galibi sai daga zubi na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Saboda haka kwamfuta ta hannu tana iya zama fes a ido, farashinta da sauƙi, alhali kwananta sun kusa ƙarewa. Araha ba ta ado. Ya ce idan kuɗina bai kai sabuwa mai inganci ba, gara in nemi ta hannu daga cikin waɗanda aka ƙera don manyan ofisoshi, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, domin an yi su da ƙwari, madannansu na da daɗin bugu, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu a kasuwa.

Na kawo masa damuwata ta malamin Hausa, wato haruffa masu lanƙwasa. Ni na yi zamanin da ake kai kundin digiri shagon buga takardu, in an gama mutum ya zauna da biro yana bin shafi-shafi yana yi wa k da d da b ƙugiya. Na kuma yi zamanin haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro, suka fid da mu kunya shekaru da dama. A wancan tsari q ake bugawa ta fito ƙ, x ta fito ɗ, v ta fito ɓ, shi ya sa in takarda ta faɗa na'urar da ba ta da haruffan sai ka ga "qasa" da "xaya". Na ce ina son kwamfutar da ta iya Hausa. Ya ce wannan ba a jikin ƙarfen yake ba. Tsarin Unicode ya bai wa kowane ɗaya daga cikin haruffan nan lambarsa, Windows kuma na da tsarin madannan Hausa a wajen zaɓen harshe, kowace kwamfuta na iya ɗauka. Wata hujjar da na riƙe don sayen mai tsada ta faɗi ke nan.

Abu na ƙarshe da ya ja kunnena a kai shi ne batir. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don a yi rubutu ya zama almubazzaranci a gidana. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta da cin wuta, cajarta yawanci wat 45 zuwa 65 ce, amma amfaninta a ƙasar nan yana ga awoyin da za ta yi bayan an ɗauke wuta. Batir kuwa tsufa yake yi da yawan caji, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka shekarunsa ba. Ya rubuta mini wani ɗan umarni a takarda, wanda in an buga shi cikin Windows yake fito da rahoton batir, ya nuna abin da yake ɗauka ranar da aka ƙera shi da abin da yake iya ɗauka yau.

Zuwa da kai ya fi aike. Wata Asabar muka shiga Ikeja ni da babbar 'yata, takardar ɗalibina a aljihu. Wanda bai taɓa shiga wannan kasuwa ba zai yi wuya ya gane irin cinkosonta: shago kan shago, kowa na jan hannunka, kowa na rantsuwa cewa tasa ce ta gaske. Da suka ga hula da babbar riga, nan take na zama Alhaji. A shago na uku wani saurayi mai fara'a ya dube ni sama da ƙasa, ya ce babban mutum irina ba ya riƙe tokumbo, ya shiga ciki ya fito da ita, siririya, launin azurfa, ba ta fi mujalla nauyi ba. Ya ɗora mini a hannu. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, duk karatun da ɗalibina ya yi mini ya gudu daga kaina. Na fara tambayar ko za su karɓi rabi yau, rabi ƙarshen wata.

Yarinyar ta matso ta yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa, yadda mai shagon ba zai ji ba. Ta ce, "Baba, in ka sayi wannan, za ka bar ni in taɓa ta?" Na buɗe baki zan ce ƙwarai kuwa, sai na ga ƙarya zan yi. Na san halina. Da na kai ta gida, a jaka za ta riƙa kwana, jakar a cikin kabad, makullin a aljihuna. Uwargida da ta ba da kuɗin adashinta za ta koma littafin bashi na takarda, yarinyar ta koma biyan kuɗin awa a shagon intanet, ni kuma in riƙa daka wa auta tsawa duk sanda ya gifta. Mun saba cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma ran nan a gindin rimin nake, ita ce a sama. Na mayar wa saurayin kayansa, na yi masa godiya.

A wani shago can ciki muka sami wadda ta dace da takardar: baƙa ce, ƙirar ThinkPad, ta hannu, fuskarta inci 14, ƙwaƙwalwarta zubi na 8, RAM gigabayit 8 da gurbin ƙari, SSD gigabayit 256. Ba a cinikin biri a sama, don haka muka nemi kujera muka zauna. Yarinyar ta buɗe shafin rubutu ta danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Muka cika fuskar da fari sannan da baƙi, muna neman tabo. Muka gwada kyamara da lasifika da kowace kafar da ake soka filas, muka haɗa ta da intanet, muka buɗe murfin muka rufe don jin ƙwarin maɗaurinsa, muka bar ta a kunne rabin awa mu ji ko za ta yi zafi. Muka tabbatar babu wata kalmar sirri ta tsofaffin masu ita da ta rage a kulle. Rahoton batir ya nuna ya sha jiki, sai muka sa aka canja shi cikin ciniki. Na nemi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da alkawarin gyara a rubuce, domin kayan hannu in ba takarda mutum bai san tarihinsu ba. Kuɗin bai kai rabin na waccan ba. Daga abin da ya rage na sayi ma'aji na waje guda, da filas biyu.

Yanzu a kan teburin falo take zaune, an matsar da teburin jikin bango yadda waya ba za ta gitta hanya ba. Kowa da ƙofarsa ta shiga da kalmar sirrinsa, don kada ɗan sakandare ya yi karo da tambayoyin jarrabawar ɗalibaina. Da asuba tawa ce, da hantsi ta uwargida, bayan la'asar ta 'yan makaranta. Ran Juma'a da dare nakan juye duk abin da aka ƙara cikin mako a ma'ajin waje, wanda ke kwana a ofis, muhimman takardu kuma in ajiye kwafinsu a intanet. A wajen taro har yanzu nakan zaro ta daga jaka, ba mai waiwayowa, kuma na ga ban mutu ba.

Aikin farko da na yi da ita shi ne juye zaman nan 9 a filas. Na kama hanyar Agege, na yi sallama a gidan, jikan Iya ya fito. Na gaya masa gaskiya, cewa sau 23 na zauna da kakarsa, cewa 14 sun salwanta a hannuna saboda sakacina, kuma da na cika alkawari tun 2019 da suna nan a wurinsa. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Malam, abin da ya rage shi ne rabonmu. Allah Ya saka da alheri." Ya kira matan gidan da yara, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na buɗe kwamfutar na ƙure murya. Da Iya ta yi gyaran murya ta buɗe tatsuniya, wata dattijuwa daga cikin 'ya'yanta ta amsa mata da ƙarfi, kamar tana zaune a gabanta, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Na bar musu filas ɗaya, na roƙi jikan ya juye a wayarsa da ta ƙanensa tun kafin in tashi, kuma ban bar gidan ba sai da na ga ya yi.